Yadda Za Ka Rage Nauyin da KVM Ke Ɗora wa Saba, Mataki-Mataki

KVM fasaha ce da ke cikin Linux wadda ke ba da damar gudanar da kwamfutoci da yawa a cikin inji ɗaya. Masu kula da saba (server) sun daɗe suna aiko da tambaya iri ɗaya: na raba injina gida huɗu ko biyar da KVM, to me ya sa kowace kwamfutar da na ƙirƙira a ciki take jan ƙafa, alhali injin ba shi da rauni? Wasu sun riga sun fara neman kuɗin ƙarin RAM ko sabon furosesa. A dakata da sayayya tukuna. Yawancin gyaran da ke ƙasa ba ya cin ko sisi, lokaci da natsuwa kawai yake so.

A nan zan riƙa kiran ainihin injin da Linux ɗin da ke kansa "mai masauki", kwamfutar da aka ƙirƙira a cikinsa kuma "baƙo". Furosesa yana gudanar da lissafin baƙo kai tsaye, da gudu kusan daidai da na injin da ba a raba ba. Asarar tana zuwa ne duk lokacin da baƙo ya taɓa abin da ba shi da ikon taɓawa da kansa, kamar faifan ajiya, katin sadarwa ko agogo. Nan take furosesa zai tsayar da shi, ya miƙa ragama ga kenel ɗin mai masauki, wato zuciyar Linux mai sarrafa na'urori, wani lokaci har sai an dangana da QEMU, manhajar da ke kwaikwaya wa baƙo na'urori, sannan a dawo da baƙo bakin aikinsa. Wannan tsayarwar ita ce "fita". Kamar baƙon da ko ruwan sha yake so sai ya ƙwala wa maigida kira: kira ɗaya ba komai ba ne, amma dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya sun isa su hana kowa aiki. Aikinmu shi ne rage yawan fitar, da rage tsadar wadda ba makawa sai an yi ta.

Kayan aikin da za ka tanada: ikon root a kan mai masauki, libvirt, manhajar sarrafa baƙi, da umarninsa virsh, sai perf, fio, iperf3, numactl da tuned, waɗanda duk suna cikin rumbun manhajojin Debian, Ubuntu da dangin Red Hat kyauta. Ka kuma nemi lokacin da masu amfani da sabar suka yarda a kashe ta.

1. Ajiye saitin da ke aiki

Kafin ka taɓa komai, buga wannan, ka sa sunan baƙonka a madadin bako1:

```
virsh dumpxml bako1 > bako1-asali.xml
```

Ka kwafi faifan baƙon ma zuwa wani wuri. Idan abu ya lalace, `virsh define bako1-asali.xml` zai mayar da saitin yadda yake.

Gargaɗi: gyaran da ka yi da `virsh edit` ba ya fara aiki idan ka sake kunna baƙo daga cikinsa. Sai ka kashe shi gaba ɗaya da `virsh shutdown`, sannan ka tayar da shi da `virsh start`. Mutane da yawa sun yanke hukuncin cewa wani saiti ba shi da amfani alhali bai ma hau ba.

2. Tabbatar KVM ne ke aiki da gaske

```
grep -Ec 'vmx|svm' /proc/cpuinfo
virt-host-validate qemu
virsh dumpxml bako1 | head -1
```

Umarni na farko ya ba da lamba sama da sifili; vmx alamar Intel VT-x ce, svm kuma ta AMD-V. Idan sifili ka gani, shiga BIOS ka kunna. Layin farko na saitin baƙon ya nuna `type='kvm'`. Idan `type='qemu'` ne, to QEMU ne ke fassara kowane umarnin furosesa da manhaja zalla, kuma babu gyaran da zai yi tasiri har sai ka warware wannan.

Duba kuma ko furosesa na taimakawa wajen fassara adireshin RAM:

```
cat /sys/module/kvm_intel/parameters/ept
cat /sys/module/kvm_amd/parameters/npt
```

Wanda ya dace da injinka ya nuna Y ko 1. In babu shi, kenel ne zai riƙa bin kowane canjin taswirar RAM ta baƙo da hannu, kuma wannan kaɗai ya isa ya durƙusar da saba.

Idan mai masaukin naka shi ma baƙo ne a wurin wani, wato ka yi hayar saba ta intanet sannan ka ƙirƙiri wasu baƙin a cikinta, ka sani kowace fita tana haifar da wasu fitar a hawa na sama. Irin wannan tsari ya yi wa gwaji da koyo, bai dace da aiki mai nauyi ba.

3. Auna kafin ka gyara

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne muhimmanci. Wanda bai auna ba, ba zai san ko ya gyara ko ya ɓata ba.

A cikin baƙo, gwada faifai:

```
fio --name=gwaji --filename=/root/gwaji.bin --size=2G \
 --rw=randread --bs=4k --direct=1 --ioengine=libaio \
 --iodepth=32 --runtime=60 --time_based
```

Gargaɗi: fayil za ka nuna wa fio. Idan ka ba shi sunan faifai kai tsaye irin /dev/vda kuma ka zaɓi gwajin rubutu, zai murƙushe bayananka ba tare da ya tambaye ka ba.

Don sadarwa, kunna `iperf3 -s` a wani inji na daban, sannan daga baƙo ka buga `iperf3 -c` da adireshin wancan injin, ka ƙara `-P 4`. Rubuta sakamakon a takarda. Ka yi gwaje-gwajen nan a kan mai masauki shi ma, domin shi ne iyakar abin da baƙo zai iya kaiwa.

Yayin da baƙo ke cikin aiki mai nauyi, buɗe wata taga a mai masauki:

```
perf kvm stat live
```

Za ka ga jerin dalilan fita da yawan kowanne. A injin Intel, ga yadda ake karanta manyan. IO_INSTRUCTION da EPT_MISCONFIG masu yawa suna nufin baƙo na magana da na'urorin da QEMU ke kwaikwaya, wato aikin mataki na 4 da na 5. EPT_VIOLATION na nuni ga RAM, mataki na 7. MSR_WRITE da EXTERNAL_INTERRUPT sun shafi agogo da katsewar da na'urori ke yi wa furosesa, mataki na 8. PAUSE_INSTRUCTION mai yawa alama ce ta ƙwayoyin (cores) furosesan baƙo na jiran junansu domin an cunkusa baƙi fiye da kima. HLT kuwa, ko da ya cinye mafi yawan lokacin da ke cikin rahoton, kada ya tayar maka da hankali: baƙo ne ba shi da aiki ya kwanta. A injin AMD sunayen gajeru ne, irin npf, io, msr da hlt, amma ma'anar ɗaya ce.

A ƙarshe, buga `top` a cikin baƙo ka dubi lambar da ke gefen hagu na st. Ita ce ke nuna lokacin da baƙo ya shirya yin aiki amma mai masauki ya ba wani furosesan. Idan kullum tana sama, matsalarka cunkoso ce, ka rage baƙi ko ka rage ƙwayoyin da ka raba musu.

Daga nan gaba, gyara ɗaya, awo ɗaya. Kada ka canza abu biyar a tare.

4. Mayar da faifai zuwa virtio

Nan ne riba mafi tsoka take. Idan faifan baƙo yana kan IDE ko SATA na kwaikwayo, direban baƙon yana ɗaukar cewa na'urar gaske ce, yana rubuta mata umarni ƙanana-ƙanana, kowanne da fitarsa. Shi virtio an gina shi ne da sanin cewa baƙo baƙo ne: ana jera buƙatu a wani yankin RAM da ɓangarorin biyu ke gani, sannan a sanar sau ɗaya. Wannan saitin, da irinsa na matakan gaba, a cikin saitin baƙon ake rubuta su ta `virsh edit`:

```
<iothreads>1</iothreads>
...
<disk type='file' device='disk'>
  <driver name='qemu' type='raw' cache='none' io='native'
          discard='unmap' iothread='1'/>
  <source file='/var/lib/libvirt/images/bako1.img'/>
  <target dev='vda' bus='virtio'/>
</disk>
```

`cache='none'` yana hana mai masauki sake ajiye kwafin bayanan da baƙo ya riga ya ajiye a nasa RAM ɗin. `io='native'` yana tafiya ne da wannan zaɓin; idan ka haɗa shi da writeback, baƙon ba zai tashi ba. A sababbin QEMU akwai `io='io_uring'`, ka gwada duka biyun da fio ka riƙe wanda ya fi a injinka. `iothread` kuma yana ba faifan zaren aikinsa na daban, don kada ya riƙa bin layi a bayan sauran hidimomin QEMU. Idan tsohon saitin faifan yana da layin `<address>`, ka goge shi, libvirt zai samar da sabo.

Gargaɗi ga baƙon Linux: sunan faifai zai koma /dev/vda daga /dev/sda. Buɗe /etc/fstab tun kafin canjin ka tabbatar da UUID aka yi amfani.

Gargaɗi ga baƙon Windows: ba ya zuwa da direbobin virtio. Idan ka canza faifan da yake tashi da shi kai tsaye, shuɗin allo zai tare ka da saƙon INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Hanyar da ta dace ita ce ka sauke faifan direbobi na virtio-win, ka maƙala wa baƙon wani ƙaramin faifai na biyu a kan virtio, ka tayar da Windows ya ga sabuwar na'urar, ka girka direban, ka kashe, sai a lokacin ka mayar da babban faifan.

Za ka ci karo da masu ba da shawarar `cache='unsafe'` saboda lambobinsa na burgewa. Yana watsi ne da umarnin da baƙo ke bayarwa na a tabbatar bayanai sun sauka a faifai. A wurin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ko inda ake sauyawa tsakanin janareta da sola, wannan hanya ce ta rasa rumbun bayanai gaba ɗaya. Ni ban yarda da shi ba sai ga baƙon gwaji da za a goge gobe.

Batun raw da qcow2, nau'ukan fayil ɗin faifan baƙo: raw ya fi sauƙin hanya, qcow2 kuma yana ba ka hoton ajiya (snapshot) na cikin fayil da tsimin wuri. Ga rumbun bayanai mai yawan rubutu, raw ko LVM. Ga sauran, qcow2 da aka ƙirƙira da `-o preallocation=metadata` ya wadatar. Idan za ka juya fayil da `qemu-img convert`, sai baƙon yana kashe, kuma ka daidaita `type` da ainihin nau'in fayil ɗin.

5. Katin sadarwa

Idan ka ga e1000 ko rtl8139 a saitin, canza:

```
<interface type='bridge'>
  <source bridge='br0'/>
  <model type='virtio'/>
  <driver name='vhost' queues='4'/>
</interface>
```

vhost yana sa kenel ɗin mai masauki ya karɓi saƙonnin kai tsaye ba tare da sun bi ta QEMU ba. Tabbatar an loda shi da `lsmod | grep vhost_net`. Yawan layuka kada ya wuce yawan ƙwayoyin furosesan da ka ba baƙon. A cikin baƙo `ethtool -l` da sunan katin zai nuna maka layukan da ke aiki, idan kuma ɗaya ne kacal, `ethtool -L eth0 combined 4` zai buɗe sauran. Layuka da yawa suna amfani ne inda haɗi ya yi yawa a lokaci guda. Ƙaramin baƙon da ba ya samun zirga-zirga ba ya buƙatarsu.

Sunan katin na iya canzawa a cikin baƙo bayan wannan gyara, kuma adireshin da ka kafa da hannu zai bi tsohon suna. Ka tabbatar kana da hanyar shiga ta `virsh console` ko ta allo kafin ka kulle kanka a waje.

Tunda kana cikin fayil ɗin, cire abin da saba ba ta buƙata: katin sauti, na'urorin USB da ba a amfani da su, da faifan CD da aka manta a maƙale tun ranar da aka girka baƙon.

6. Furosesa: nau'i, tsari da ɗauri

Tsohon nau'in furosesa na gama-gari irin qemu64 yana ɓoye wa baƙo umarnai masu sauri kamar AES da AVX, sai ɓoye bayanai da matse fayil su koma hanyar da ta fi tsawo. Nuna masa furosesan gaskiya:

```
<vcpu>4</vcpu>
<cpu mode='host-passthrough'>
  <topology sockets='1' cores='2' threads='2'/>
</cpu>
```

Gargaɗi: da host-passthrough, ƙaurar da baƙo yana kunne zuwa wata saba tana yiwuwa ne kawai idan injinan biyu iri ɗaya ne. Idan sabobinka sun bambanta kuma kana yawan ƙaura, zaɓi nau'in furosesa mai suna wanda dukansu ke iya ɗauka.

Kada ka bar layin topology. In babu shi, kowace ƙwaya tana bayyana ga baƙo a matsayin furosesa mai zaman kansa a nasa gurbin, kuma Windows na tebur yana da iyaka: Home gurbi ɗaya yake karɓa, Pro biyu. Kana iya ba shi ƙwaya takwas ya yi aiki da biyu kacal. A injin AMD, ƙara `<feature policy='require' name='topoext'/>` don baƙo ya gane waɗanne zare ne tagwaye.

Sai ɗauri, wato kafe kowace ƙwayar baƙo a kan ƙwayar gaske guda ɗaya. Kenel yana yawo da ƙwayoyin baƙo daga wannan ƙwayar gaske zuwa waccan, kuma duk sauyi yana zubar da abin da ke cikin ma'ajiyar kusa ta furosesa. Fara da `lscpu -e`. Layuka biyu masu lamba ɗaya a ƙarƙashin CORE tagwaye ne, ƙwaya ɗaya suke rabawa. A ce 2 da 10 tagwaye ne, haka 3 da 11:

```
<cputune>
  <vcpupin vcpu='0' cpuset='2'/>
  <vcpupin vcpu='1' cpuset='10'/>
  <vcpupin vcpu='2' cpuset='3'/>
  <vcpupin vcpu='3' cpuset='11'/>
  <emulatorpin cpuset='0,8'/>
  <iothreadpin iothread='1' cpuset='1,9'/>
</cputune>
```

Lambobin nan misali ne, naka injin zai ba ka nasa. Kuskure biyu aka fi yi a nan. Na farko, ɗaure baƙi biyu masu nauyi a kan ƙwayoyi ɗaya, wanda ya fi rashin ɗaurin muni domin ka hana kenel raba su. Na biyu, rabar da duk ƙwayoyin ga baƙi ba a bar wa mai masauki ko ɗaya ba, alhali shi ne ke yi musu hidimar faifai da sadarwa. Ɗauri kuma ba ya hana wasu ayyukan mai masauki hawa waɗannan ƙwayoyin. Masu son keɓewa ta sosai suna ƙara isolcpus da nohz_full a layin tashin kenel, amma wannan na masu aikin da jinkirin ƙiftawar ido ke cutarwa ne. Saba mai ɗauke da ƙananan baƙi goma sha da ba su da aiki sosai, gara ma a bar ta ba ɗauri.

Idan sabar tana da furosesa biyu, buga `numactl --hardware`. Kowane furosesa yana da RAM ɗin da ke kusa da shi, kuma ɗebo bayanai daga na ɗan'uwansa ya fi jinkiri. Ka sa ƙwayoyin baƙo da RAM ɗinsa a ɓangare ɗaya:

```
<numatune>
  <memory mode='strict' nodeset='0'/>
</numatune>
```

`numastat -p` da lambar aikin QEMU (PID) zai nuna maka inda RAM ɗin ya zauna da gaske.

7. Manyan shafukan RAM

Linux yana yanka RAM shafi-shafi na 4 KiB. A injin da ba a raba ba, idan furosesa bai tarar da adireshi a ƙaramin kundinsa na TLB ba, leƙe huɗu zai yi a taswira. A cikin baƙo taswirar hawa biyu ce, ta baƙo da ta mai masauki, kuma leƙen na iya kaiwa 24. Shafi mai girman 2 MiB ko 1 GiB yana rage yawan ɓatan, yana kuma gajarta hanyar.

Hanya mai sauƙi ita ce ka bar kenel ya haɗa manyan shafukan da kansa. Duba:

```
cat /sys/kernel/mm/transparent_hugepage/enabled
```

Idan always ko madvise ne aka zaɓa, QEMU zai amfana. Ga yawancin baƙi wannan ya isa.

Ga baƙo mai cin RAM da yawa, ware masa nasa tun farko. Baƙo mai 8 GiB yana buƙatar shafi 4096 na 2 MiB. Rubuta `vm.nr_hugepages = 4096` a wani fayil cikin /etc/sysctl.d, sannan a saitin baƙon:

```
<memoryBacking>
  <hugepages/>
</memoryBacking>
```

Tabbatar da `grep Huge /proc/meminfo`. Idan sabar ta daɗe a kunne, RAM ɗin ya riga ya tarwatse, kana iya neman 4096 a ba ka ƙasa da haka. Sake kunna mai masauki yana warware wannan. Shafukan 1 GiB kuwa gara a ware su a layin tashin kenel da `hugepagesz=1G hugepages=8`, bayan ka ga alamar pdpe1gb a /proc/cpuinfo.

Gargaɗi: RAM ɗin da ka ware ya fita daga hannun mai masauki ko baƙon yana kashe. Ba a tura shi swap, KSM mai haɗe shafuka masu kama da juna ba ya taɓa shi, kuma dabarar karɓe RAM daga baƙo a ba wani ba ta da tasiri a kansa. Ka bar wa mai masauki rabonsa. Sannan a saba mai furosesa biyu, sysctl yana raba shafukan ne tsakanin ɓangarorin, don haka baƙon da ka ɗaure a ɓangare na 0 zai tarar da rabin abin da yake buƙata ya ƙi tashi. A irin wannan hali ka rubuta adadin kai tsaye a /sys/devices/system/node/node0/hugepages/hugepages-2048kB/nr_hugepages.

8. Agogo, katsewa da barcin baƙo

A baƙon Linux:

```
cat /sys/devices/system/clocksource/clocksource0/current_clocksource
```

Amsar ta zama kvm-clock ko tsc. Idan hpet ko acpi_pm ka gani, duk tambayar lokaci fita ce, kuma manhajoji irin rumbun bayanai suna tambayar lokaci ba ƙaƙƙautawa.

Windows bai san kvm-clock ba, amma ya san yaren Hyper-V, takwaran KVM na kamfanin Microsoft, kuma KVM na jin wannan yaren:

```
<features>
  <hyperv>
    <relaxed state='on'/>
    <vapic state='on'/>
    <spinlocks state='on' retries='8191'/>
    <vpindex state='on'/>
    <synic state='on'/>
    <stimer state='on'/>
  </hyperv>
</features>
<clock offset='localtime'>
  <timer name='hypervclock' present='yes'/>
  <timer name='hpet' present='no'/>
</clock>
```

Kada ka tsinci ɗaya ka bar ɗaya: stimer yana dogara da synic da hypervclock, synic kuma da vpindex. Baƙon Windows da ke cin furosesan mai masauki alhali ba ya komai, galibi nan maganinsa yake.

Furosesoshin saba suna iya isar da katsewa ga baƙo ba tare da fita ba. A Intel duba /sys/module/kvm_intel/parameters/enable_apicv, a AMD kuma /sys/module/kvm_amd/parameters/avic. Idan a kashe yake kuma injin na goyon baya, ana kunna shi ta fayil a /etc/modprobe.d, ka auna kafin da bayan.

Akwai kuma halt_poll_ns a /sys/module/kvm/parameters. Idan baƙo ya ce zai kwanta, KVM yana ɗan jira ko wani aiki zai iso kafin ya saki ƙwayar, kuma iyakar jiran ta asali a x86 ita ce 200000, wato kashi ɗaya cikin biyar na milisakan. Ƙara lambar yana sa baƙo saurin amsawa amma yana ƙona furosesa a kan jira. A saba mai cunkoso rage ta ya fi alheri. Idan ba ka da ƙwaƙƙwaran dalili daga awonka, bar ta yadda take.

9. Saitin wuta na mai masauki

```
tuned-adm profile virtual-host
```

A cikin baƙi kuma `tuned-adm profile virtual-guest`. Duba `cpupower frequency-info` ka ga ko furosesa na kaiwa cikakken gudunsa, ka leƙa BIOS ma, domin sabobi da yawa suna zuwa da tsarin tsimin wuta. Nan ne kaɗai gyaran ke da kuɗi a fili: injin da aka hana shi sassauta gudu ya fi shan wuta, ya fi zafi, fankokinsa sun fi ihu. Mai biyan kuɗin dizal ko mai dogaro da batiri ya yi lissafinsa kafin ya bar shi haka dare da rana.

10. Miƙa na'ura kai tsaye ga baƙo

Idan virtio bai kai ka inda kake so ba, kana iya ɗauke katin sadarwa, faifan NVMe ko katin hoto daga hannun mai masauki ka damƙa wa baƙo ta VFIO. Kunna VT-d ko AMD-Vi a BIOS, ƙara `intel_iommu=on iommu=pt` a layin tashin kenel idan Intel ne, sabunta GRUB, ka sake kunnawa. Duba /sys/kernel/iommu_groups, domin na'urorin da ke rukuni ɗaya tare ake miƙa su. Katin da ke da SR-IOV yana iya rabuwa gida-gida, kowane baƙo ya samu nasa:

```
echo 4 > /sys/class/net/eno1/device/sriov_numvfs
```

Farashin wannan gudun shi ne sassauci. Ƙaura a kunne ta zama da wuya ko ta gagara, kuma duk RAM ɗin baƙon za a kulle shi tun daga tashi. Gargaɗi: kada ka miƙa katin da kake shiga sabar ta cikinsa, ko na'urar da ke riƙe da faifan mai masauki. A ganina mafi yawan masu tambaya ba sa buƙatar wannan matakin ko kaɗan.

11. Kariyar furosesa: inda za ka ja birki

Tun daga 2018, lokacin da aka bayyana raunin Spectre da Meltdown, sannan L1TF a watan Agustan shekarar, kenel ya ƙara wasu ayyukan kariya da ke sa fita da komawa su yi tsada, musamman a tsofaffin Xeon irin waɗanda ke cikin sabobin hannu da ake saye da araha. Duba halin injinka:

```
grep . /sys/devices/system/cpu/vulnerabilities/*
```

Saituka biyu ne suka fi shafar KVM. `vmentry_l1d_flush` na kvm_intel yana wanke ma'ajiyar kusa kafin a koma cikin baƙo, don kada baƙo ya leƙi sirrin wani. Asalinsa cond ne, wato sai inda ake ganin haɗari. `nx_huge_pages` na kvm kuma, wanda ya zo a 2019, yana farfasa manyan shafukan da baƙo ke gudanar da umarni a cikinsu don hana mugun baƙo daskarar da injin gaba ɗaya. Wannan na biyun yana iya cinye wani ɓangare na ribar mataki na 7, shi ya sa wani zai ware manyan shafuka ya ga canjin bai kai yadda ya zata ba.

Za ka ga ana yaɗa `mitigations=off` a matsayin sirrin gudu. Gaskiya ne lambobi za su tashi a tsohon inji. Amma idan kana sayar da masauki ga mutane, ko wani daga cikin baƙin yana fuskantar intanet, ko akwai bayanan kwastomomi a sabar, ka buɗe ƙofar da baƙo ɗaya zai iya karanta RAM ɗin ɗan'uwansa. Wurin da za a iya tunaninsa shi ne injin gwaji da kai kaɗai ke sarrafa duk abin da ke gudana a kansa. Ga sauran, hanyar rage wannan nauyin ita ce wadda ka riga ka bi daga mataki na 4 zuwa na 8, domin kuɗin kariyar a kan fita ake biyansa. Idan bayan haka awon fio, iperf3 da perf ya nuna har yanzu kariyar ce ke cin kaso mai yawa, to lokacin sayayya ya yi: nemi furosesan da fayil ɗin l1tf da na itlb_multihit ke nuna Not affected a kansa, ka buga umarnin nan na sama a kan injin kafin ka biya kuɗi.